Tsakanin Wuƙar Citta da Farantin Talla

 

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kachia zuwa Zonkwa ya zarce Kafanchan, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, ya san ƙamshin da ke tarbar mutum tun kafin ya hango gari. Citta ce a shanye, a kan duwatsu, a tsakar gidaje, har da gefen kwalta, sai direba ya riƙa kaucewa. Matafiyi zai ce arziki, kuma arzikin ne, domin mafi yawan cittar da Najeriya ke nomawa daga wannan yanki na kudancin Kaduna take fitowa, Tafin Giwa ce ko Yatsun Biri. Abin da matafiyi ba ya tsayawa ya tambaya shi ne, wa ya tsaga ta? Ita citta, in ana son ta bushe da wuri ta yi kyan gani a kasuwa, sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya da wuƙa an raba biyu. Hannuwan da ke wannan aiki yawancinsu na mata ne da yara, kuma watannin da ake yinsa su ne daidai lokacin jarrabawar zangon karatu na farko da komawa zango na biyu.

Na yi wasu shekaru ina aiki a wani ƙaramin shiri na rage yawan yaran karkara da ake ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinsu, a ƙauyukan ƙaramar hukumar Zangon Kataf. Aikina kashi biyu ne. Na farko, horar da mutanen da kowane ƙauye ya zaɓa su zama masu sa ido. Na biyu, bin sawunsu bayan an sallame su, in duba abin da suka rubuta, in ga ko ya yi daidai da abin da ke ƙasa. Shirin ya daɗe da naɗe tabarmarsa. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, ya shafe mu Hausawan Zango fiye da yadda muke son mu yarda.

Bari in ɗan faɗi inda abin ya samo asali, don kada mai karatu ya ɗauka wasu ne kawai suka tashi da safe suka ga dama. A 1999 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar da yarjejeniya mai lamba 182 a kan mafi munin ayyukan da ake sa yara. A 2002 Najeriya ta amince da ita, tare da tsohuwar yarjejeniya mai lamba 138 ta 1973, wadda ta yi magana a kan mafi ƙarancin shekarun fara aiki. A 2003 aka yi dokar kare haƙƙin yara ta tarayya, a 2004 kuma aka yi dokar UBE, wadda ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. A daidai wannan lokaci ne labarin yaran gonakin koko ya tayar da ƙura a Turai da Amurka, har wasu 'yan majalisar Amurka biyu, Harkin da Engel, suka sa kamfanonin cakulan suka rattaba hannu a kan wata yarjejeniya a 2001. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta yi bincike a 2002, ta ƙiyasta yara kusan 284,000 na aiki mai haɗari a gonakin koko na Afirka ta Yamma. Daga nan ILO ta kafa shirin WACAP a ƙasashe biyar, wato Kamaru, Kwaddebuwa, Ghana, Gini da Najeriya, inda a nan gida ya fi ƙarfi a jihar Ondo. A can ne aka gwada tsarin da ake kira sa ido daga cikin al'umma: a zaɓi mutanen gari, a horar da su, su gano yaron da ke aiki, su rubuta shi, su miƙa shi makaranta ko wurin koyon sana'a, sannan su ci gaba da leƙa shi don kada ya koma.

Namu shirin ba reshen wancan ba ne, amma daga can aka aro tsarin, har da fom ɗin da ake cikewa. To a nan aka fara samun gardama, domin fom ne da aka ɗinka wa ƙasar koko. Yana tambayar ko yaro na riƙe adda, ko yana fasa ƙwallon koko, ko yana feshin magani, ko yana ɗaukar buhu. Babu gurbin tsaga citta. Babu gurbin yankan ciyawar da ake rufe gonar citta da ita bayan shuka, wadda yara ke ɗaukowa dami-dami daga daji a watan Afrilu da Mayu. Babu gurbin kiwo. Uwa uba, babu gurbin talla. Duk waɗannan sai dai a cusa su a layin ƙarshe da aka rubuta wa “sauransu”, kuma a wurinmu wannan layi na ƙarshe ya fi duk na sama cika.

Bitar farko a wani ajin firamare muka yi ta a Zonkwa, manya a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Akwai Atyap, waɗanda muka tashi muna ce wa Katafawa, akwai Bajju, akwai mutanen Ikulu da Kamantan, akwai mu Hausawa, da Fulani biyu. Da Hausa aka yi komai, don ita ce harshen da kowa ke ji. Yini na farko gaba ɗaya a kan kalma ɗaya ya ƙare. Takardar da aka fassara mana ta ce “bautar da yara”. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya miƙe ya ce shi ba zai shiga gidan maƙwabcinsa ya ce masa yana bautar da ɗansa ba, kuma kalmar bauta a ƙasar nan tana da tarihin da bai kamata Bahaushe ya zo ya furta ta a ƙofar gidan mutumin Atyap ba. Ajin ya yi tsit. Kowa ya gane abin da yake nufi, wato zamanin da mayaƙan Zazzau ke kai hari wannan yanki suna kama mutane. Aka gwada “aikatau”, mata suka ce ai wannan yarinyar da aka kai gidan wani ce a birni. Aka gwada “aikin ƙarfi”, aka ce ai noma duk aikin ƙarfi ne. Daga ƙarshe muka tsaya a kan doguwar magana, “aikin da ke cutar da yaro ko ya hana shi makaranta”. Ba ta da daɗin faɗa, amma ba wanda ya taɓa korar mai sa ido saboda ita.

Yini na biyu lissafin awoyi ne. Ma'aunin da UNICEF ke amfani da shi ya ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 11, in ya yi aikin neman kuɗi ko na gona na awa 1 a mako, ya shiga lissafi. Ɗan 12 zuwa 14 kuma sai ya kai awa 14. Da na rubuta awa 1 a allo, dariya aka kwashe da ita. Wata mata ta ce, “Malam, to ai sai ka ba mu takarda mu rubuta duk yaran ƙasar nan, har da naka.” Gaskiyarta. Ita kanta dokar ƙwadago ta Najeriya ta bar ƙofa a buɗe, ta yarda yaro ya yi aiki mara nauyi na gona ko na gida a hannun danginsa. Mu duka da ke ajin nan da fartanya muka tashi, ko da tire, kuma babu wanda ke ganin an zalunce shi. Yaron da bai san riƙe fartanya ba a ƙauye, an cuce shi ne ta wata fuskar.

Saboda haka na rage musu abin zuwa tambaya uku da mutum zai iya riƙewa a ka ba tare da takarda ba. Shin aikin yana cin lokacin makaranta? Shin zai iya raunata yaron, ko ya sa masa cutar da ba za a gani ba sai nan gaba? Shin wa ke karɓar kuɗin? Ta biyun ce na fi daɗewa a kanta, saboda maganin kashe ciyawa da ya shigo ya zauna. Uba zai goya wa yaro ɗan shekara goma sha uku famfon feshi mai cin lita 16 ko 20, babu takalmi, babu abin rufe hanci, maganin na zubo masa a gadon baya, kuma uban yana ganin ya sauƙaƙa masa ne, tunda ya fi noma da hannu sauƙi. Wuƙar citta kowa na ganin jininta. Maganin feshi kuwa shiru yake aikinsa. Ta ukun kuma ita ce ke raba taimakon iyaye da ƙwadago: yaron da ke gonar ubansa ranar Asabar daban, wanda aka kwasa a bayan a-kori-kura zuwa gonar wani attajiri ranar Talata daban.

Sai batun wa zai shiga gidan wa. 'Yan uwa, ba sai na tuna muku abin da ya faru a Fabrairu da Mayun 1992 a kan maganar tayar da kasuwar Zango ba, kowane gida na da nasa lissafin, a ɓangarenmu da nasu. Shekaru bayan haka, mutum ya ɗauki biro da takarda ya shiga ƙauyen da ba nasu ba yana rubuta sunayen yara da yawan mutanen gida, ba ƙaramin abu ba ne. Za a tambayi kai, me za a yi da sunayen? Don haka aka tsara a riƙa tafiya bibbiyu, ɗan gari da baƙo, ɗan gari ya yi magana, baƙo ya yi rubutu. Tsarin ya yi aiki ta fuskar tsaro. Amma ya tono wani abu da ban manta ba. In aka dawo da fom-fom, sai ka ga Bahaushe ya cika shafi da yaran Atyap masu tsaga citta da 'yan matan da ke ɗaukar itace, har da bayanin yankan wuƙa a yatsa. In aka zo unguwarsu, sai ya rubuta “babu”. Shi ma mutumin Atyap ko Bajju, in ya shigo Zango, idonsa ba ya wuce 'yan talla da almajirai, zai ƙirga su har da wadda ta wuce sau biyu, amma a ƙauyensu sai ya ce ai yaran taimako suke yi. Babu wanda ya yi ƙarya da gangan. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. A bita ta gaba na sa kowa ya karanta wa ajin abin da baƙo ya rubuta a kan unguwarsa, da bakinsa. An yi gumi a ranar, an kuma yi musu, amma daga nan rubutun ya fara gyaruwa.

Shi aikin bibiya ba shi da wani ado. Babur ne, da ƙura, da rafi mai cika da damina. Yara na jin ƙarar babur za su watsar da wuƙaƙe su shige bayan rumbu, sai ka tarar da tsofaffi zaune a gaban tulin cittar da ko mutum goma ba za su tsaga a yini ba. Shekaru ma wani aiki ne, tunda takardar haihuwa ba kowa ke da ita ba. Mukan tambayi uwa, an haife shi kafin rikici ko bayan rikici? Kina goyonsa lokacin da Abacha ya rasu a 1998? Ya fara tafiya lokacin rikicin Kaduna na 2000? Abin baƙin ciki ne a ce da masifu ake auna shekarun yaro, amma su ne kalandar da kowa ya haddace.

Da tafiya ta yi tafiya na gane cewa babban makamin mai sa ido ba fom ɗinmu ba ne, rajistar aji ce. Ba littafin shiga makaranta ba, wanda kowane yaro na ciki, tunda sa suna ba ya cin komai. Rajistar kiran suna ta kullum nake nufi. Ka buɗe ta ka bi watanni, za ta karanta maka kalandar noma ba tare da ka je gona ba: gibi a lokacin shuka da rufe gona, gibi babba daga Nuwamba. A makarantun da ke cikin Zango kuwa gibin ba ya bin damina, ranar kasuwa yake bi, kuma a layin 'yan mata yake, daga aji huɗu zuwa sama. Wasu malaman kan cike rajistar mako guda a zama ɗaya, kowa ya zo, don kada a ga laifinsu. Maganin wannan shi ne ka iso ba sanarwa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya bayan an dawo tara, ka ƙirga kawuna, ka gwada da abin da aka rubuta da safe.

Yanzu bari in zo kanmu. Mu ba mu cika noman citta ba, amma mu ne masu sayenta. Tun kakanninmu fatake da suka yada zango a wannan wuri har ya samu sunansa, tsakanin manomi da babbar kasuwa muke tsaye. Wani kawuna ya yi shekaru yana tara citta yana lodi zuwa Kano da Legas. Wata rana bayan la'asar na same shi a rumfarsa ana ɗinke buhuna, na ce, “Kawu, kun san su wa ke tsaga cittar nan da kuke saye?”

Ya ce, “Na sani mana, ɗana. Amma ni buhu nake saye. Ban ce kowa ya hana ɗansa makaranta ba.”

Na ce, “Kuɗin da kuke ba su tun damina fa?”

Ya dube ni ya ce, “Wannan ai taimako ne. In ban ba su ba, da me za su sayi taki?”

Kawu bai faɗi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Manomin da ya karɓi kuɗi a watan Yuli a kan alkawarin buhu kaza, a farashin da aka yanke tun citta na ƙasa, ba shi da rarar da zai ɗauki 'yan ƙwadago manya idan kaka ta yi. Ga mai kuɗi na aiko yaro kullum yana tambaya, ga mota na jira. Hannun da ba a biya shi ne na 'ya'yansa. Inda ake biyan tsaga ma, da daro ko da buhu ake biya, ba da yini ba, saboda haka uwa za ta zo da 'ya'yanta uku su zauna gefenta don daron ya yi saurin cika. A littafin mai kaya mace ɗaya ce ta yi aiki. Babu wanda ya ɗauki yaro aiki, amma yara uku ba su je makaranta ba. Fom ɗinmu na da gurbin sunan uba da na mai gona, babu gurbin sunan mai saye. Na kai wannan magana gaba a rahoto fiye da sau ɗaya, amsar da nake samu ita ce, shirin na yara ne da iyayensu, ba na 'yan kasuwa ba.

Talla kuwa ta fi wuya, don a cikin gidajenmu take. Masana sun daɗe da rubutu a kanta. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna irin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida wanda ba a gani a kasuwa. Enid Schildkrout, da ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ƙafafun wannan ciniki, su ke sayo kaya, su ke kai wa, su ke dawo da kuɗi, kuma shigar yara makarantar boko na taɓa jarin uwa kai tsaye. Abin da suka gani a can shi ne a Zango. Na taɓa yi wa wata goggona maganar 'yarta da ke yawo da ƙosai da safe, da rana kuma dafaffiyar gyaɗa a tasha. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, “Kai yaro, ni zan fita kasuwar, ko kuwa kai za ka yi mata gado da katifa da kwanuka ranar da za a kai ta?” Na ce, “Goggo, ai karatun ma kayan ɗaki ne.” Ta ce, “To ka je ka jera mata shi a bango mu gani.”

Ba ni da amsar da ta fi tata kaifi a ranar, kuma duk mai sa idon da ya shiga gida da wa'azi kawai haka zai fito. Kuɗin talla shi ne adashin uwa, shi ne sabulu da maganin zazzaɓi, shi ne kayan ɗakin da in babu su yarinya za ta shiga gidan miji da kunya. Amma mu ma mun san abin da ke faruwa da yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ke zagaya tasha da garejin makanikai da rumfunan masu lodi har magariba. Kowa ya san labari ɗaya ko biyu da aka binne a cikin gida. Mukan yi shiru ne saboda sunan gida, yarinyar kuma ita ke ɗauke da abin har tsufanta.

Abin da ya ɗan yi tasiri ba hani ba ne, ciniki ne. Maza ba sa shiga gidajen kulle, don haka sai da muka nemi mata masu sa ido daga cikinmu, yawancinsu malaman Islamiyya da zawarawa masu mutunci a unguwa, kuma su suka kawo dabarun da ba su cikin littafin bita. A wani gida aka yarda yarinya ta kai ƙosai ga masu saye na kullum kafin ƙarfe bakwai da rabi, ta ajiye tire ta wuce aji. A wani aka haɗa mata huɗu suka ba wata dattijuwa kayansu tana zama da su a bakin kasuwa ana ba ta la'ada. A wani aka kafa ɗan tebur a zaure, kaka na tsaro. Sharaɗin da matan suka fi tsayawa a kai shi ne, babu tasha, babu bayan la'asar. Mai rubuta rahoto a ofis zai ce ai yarinyar ba ta daina aiki ba. Haka ne. Amma tana aji ranar kasuwa, kuma ba ta tasha da dare.

Almajirai da 'yan Fulani masu kiwo, gaskiya shirin bai taɓuka musu abin kirki ba. Almajiri ba shi da uba a gari da za a zauna da shi, kuma da kaka shi ne ɗan ƙwadago mafi araha a gonar kowa, Musulmi da Kirista. Ɗan Fulani kuwa kafin a dawo zagaye na biyu ruga ta tashi. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, hedikwatarta ma a Kaduna take, amma yaron da ke bayan shanu daga hantsi zuwa yamma sai dai a rubuta shi a bar shi.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da irin waɗannan shirye-shirye, har yau. Masu ba da kuɗi lamba suke so, kashi biyu: yara nawa aka cire daga aiki, yara nawa aka kange kafin su shiga. Yaro na karɓar yunifom da jaka da littattafai, an ɗauki hoto, ya zama “an cire”. Ko ya koma gona bayan mako uku, lambar ta riga ta tafi. Aikin bibiya shi ne ya kamata ya kama wannan, amma shi ne kuma ake fara yanke wa kuɗi idan aljihu ya yi ƙasa, tunda man babur ba ya fitowa a hoto. Masu sa ido ɗan alawus ake ba su na sufuri. Ranar da ya tsaya, da yawa suka ajiye littafin, kuma ban ga laifinsu ba, su ma masu iyali ne. Waɗanda suka ci gaba su ne waɗanda dama suna da dalilin shiga gidajen mutane: malamar Islamiyya, shugabar zumuntar mata a coci, ungozoma, mai unguwa. Da ni ke zaɓe tun farko a ko'ina, irinsu kawai zan horar.

Sannan rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 ya zo, ya yi wa Zonkwa da Matsirga da Kafanchan abin da ya yi. Iyalai da yawa da ke cikin littattafanmu suka bar yankin, wasu suka yi shekaru a sansanin alhazai na Mando a Kaduna. Yaran da aka sha wahala aka mayar aji, wasunsu a titunan Kaduna suka ƙare da tire a ka. Tafiya bibbiyu, ɗan gari da baƙo, ta zama abin da ba a ko tunaninsa na wani lokaci.

A kan takarda an samu ci gaba. Jihar Kaduna ta yi tata dokar kula da kare yara a 2018, shekara 15 bayan ta tarayya. Amma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2022, aka fitar a 2024, ya nuna yara miliyan 24.6, wato kashi 39.2 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa 17, suna cikin irin wannan aiki, kuma abin ya fi yawa a karkara. A duniya baki ɗaya, rahoton ILO da UNICEF na 2025 ya ce miliyan 138 ne, kashi 61 cikin ɗari a harkar noma. A 2023 kuma annoba ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Zangon Kataf da maƙwabtansu, gonaki suka ruɓe tun a ƙasa, gwamnatin tarayya ta ce asarar ta haura naira biliyan 12. Wani zai zaci tunda babu cittar tsagawa, azuzuwa za su cika a wannan kaka. A gidajen da na sani ba haka aka yi ba. Uban da bashi ya hau kansa ba shi da na littafi da na jarrabawa, sai aka tura 'yan mata aikatau Abuja da Kaduna, maza kuma suka bi masu gini da masu lodi. A ɓangarenmu ma, da cinikin maigida ya tsaya, tiren da aka ajiye shi aka sake ɗaukowa.

Ina da roƙo ga 'yan uwa da ke zuwa gida da Sallah ko biki ko ta'aziyya, musamman masu aiko da kuɗin gyaran masallaci da na ƙungiyar ci gaban gari. In zuwanku ya dace da lokacin karatu, ku ware awa ɗaya ranar kasuwa ku shiga firamaren unguwarku, ba ta ƙauyen maƙwabta ba. Ku nemi rajistar aji huɗu da biyar da shida, ku buɗe layin 'yan mata, ku bi ranakun kasuwa na wata uku baya, sannan ku shiga ajin ku ƙirga da idonku. Sunayen da za ku gani da gibi a gabansu ba baƙi ba ne, za ku gane gidajen tun daga sunan uba, wataƙila har da gidan da kuka sauka. Masu sayen citta a cikinku kuma, ku tambayi dillalinku a nawa ake tsaga daro bana, kuma mutum nawa ke zama a kansa. Hedimasta ba zai hana ku ganin rajista ba in kun yi masa sallama da mutunci, ku dai kada ku aika masa cewa kuna tafe.